Kaskon da Iya Ta Binne a Fako

Ina da shekara takwas aka kai ni wurin Iya, kakata ta wajen uba, a wani ɗan ƙauye da ke gaba da Dugabau kaɗan, cikin ƙasar Kabo. Ba hutu na je ba. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sai an bi layi ake samun sabulu da madarar gwangwani. Masaƙar da Babana yake aiki a Kano ta rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Ya yi wata uku yana fita da safe yana dawowa hannu rabbana, daga nan ya ce zai gangara Kurmi, can kudu, ya gwada sa'arsa, in damina ta faɗi zai dawo. Ummana ta koma gidan iyayenta a Gwarzo da ƙanina a goye. Ni kuwa aka ga gara a rage musu baki ɗaya, sai aka ɗora ni a bayan keken Baffa Sani, ƙanin Baba, da ƙullin kayana a cinya.

Iya gajeriya ce siririya, bakinta kullum da goro da tsokana. Tun rasuwar kakana ita kaɗai take zaune a sashenta, ɗaki ɗaya da rumfa da rumbu. Ranar da na isa, na tambaye ta ina famfo. Ta yi dariya har da tari, ta miƙo mini gammo ta ce, “'Yar birni, namu famfon a ka ake kunna shi.” Daga ranar sunana ya koma 'yar birni, har na yi aure ba ta canza ba.

Kananzir ya yi tsada a shekarun, don haka ba ma kunna fitila sai in an ga kunama. Da an idar da magariba sai mu ci tuwo a gefen murhu, garwashin da ya rage shi ne haskenmu har a kira isha'i. A ɗan wannan tsakanin Iya take yin tatsuniya. Tana da nata salon buɗewa: sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya ta ce, “Ga ta nan ta iso, tana neman wurin zama.” Ni kuma in ce, “Ga tabarma.” Da can yaran maƙwabta sukan zo, amma a shekarar gidaje da yawa sun watse cin rani, ƙauyen ya zama kamar an share. Galibi daga ni sai ita.

Na yi kewa a gidan nan ƙwarai. Kullum da la'asar sai in fita ƙofar gida in zuba wa hanyar Kabo ido. Duk namijin da ya ɓullo daga nesa da farar riga, Babana ne, har sai ya matso ya zama wani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Iya. Ba ta taɓa leƙowa ba. Ba ta taɓa cewa ko yaushe zai dawo ba. Sunansa ma ban taɓa ji a bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce “wancan”, ko “mutumin Kano”, tana kallon wani gefe. Baffa Sani kuwa sau goma take kiran sunansa a wuni, ta zage shi, ta ajiye masa fura. Ni a gidan haya na tashi cikin birni, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini ga abin da ake kira kunyar ɗan fari, cewa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na farko, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, ko da ciwonsa zai kashe ta. Don haka na yanke hukunci irin na yara: wannan tsohuwa ba ta son Babana.

Abin da na ga tana so shi ne tsuntsaye. A bayan gidan akwai wani fako, ƙasa ce busasshiya mai tauri, ko ciyawa ba ta fitowa, sai magarya guda a tsakiya. Da bazara ta kama, rafi ya ƙafe, rijiyarmu ta koma sai an yi yasa kafin a sami rabin guga, sai na ga Iya ta ɗauki fartanya ta nufi gindin magaryar. Ta haƙa ɗan rami, ta kawo gindin wani fasasshen tulu ta zaunar a ciki, ta mayar da ƙasa har bakinsa ya yi daidai da doron fakon. Ta zuba tsakuwa a ciki, ta jingina ɗan kara daga tsakiya zuwa baki. Sannan ta saro ƙaya ta kewaye wurin saboda awaki da kyanwa, ta bar sama a buɗe. Ina tsaye ina kallo ina turo baki.

“Me ya sa ba za ki cika shi ba?” na tambaye ta, da na ga moɗa ɗaya kawai ta zuba.

“Tsuntsu ba ya iyo, 'yar birni. In ruwan ya wuce gaɓar yatsa biyu, kabari kika haƙa masa.”

“To mu tsaya mu ga zuwansu.”

“Wanda ya zuba ba ya tsayawa. Wuce mu tafi.”

Kullum bayan sallar asuba sai ta kai moɗar nan, daga ruwan da muka ɗauko a ka tun daga bakin rijiya. Kwana huɗu babu abin da ya zo. A na biyar na leƙa ta ɓular zana na ga kurciya biyu. Bayan mako guda wurin ya zama kasuwa: hasbiya, da shaya mai sheƙi, da cilakowa mai baki kamar lauje, da 'yan jajayen nan da ake kira baiwar Allah, waɗanda suke tsayawa kan karan su tsoma baki. Baffa Sani ya sha yin mita. “Iya, kiwon ɓarayi kike yi. Ki shayar da su da rani, da kaka su cinye mini gero.” Ta ce masa, “Geron naka da ko kaza ba ta ƙoshi da shi? Tafi can.”

Ana nan, wata ranar kasuwa sai ga wani ɗan garinmu mai fataucin goro ya dawo daga Kurmi. Ya zo gaishe da Iya, Baffa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na ruga da gudu na ce, “Iya, ga wanda ya zo daga inda Baba yake! Zo ki tambaye shi!” Ta amsa gaisuwarsa daga bayan zana, ta yi masa barka da hanya, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi tsadar goro. Babana kuwa ko da wasa ba ta ambace shi ba. Baffa ne ya tambaya, mutumin ya ce ya taɓa hango shi a wata tasha watanni baya, daga nan bai sake ganinsa ba. Da na koma ciki na tarar da Iya ta ba ƙofa baya tana tsince wake, wanda ta riga ta tsince tun da safe.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita bayan gida, na ja ƙayar nan da hannu har ta yage ni, na ɗauki dutse na rotsa kaskon. Ruwan ya tsiyaye ƙasa ta shanye nan take. Da na juyo Iya tana tsaye. Na ce mata, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, “Tsuntsu kike so! Ba kya son Babana! Ko sunansa ba ki sani ba!”

Na jira mari, bai zo ba. Ta dubi hannuna da ke jini, ta dubi kaskon, ta ce, “Akwai wani gindin tulu a bayan rumbu. Ɗauko shi, ki taho da fartanya.” Tare muka binne sabo.

Da magaribar ranar ban yi zaton za a yi tatsuniya ba. Amma muna gama cin tuwo sai na ji ludayi a bakin tukunya. Na yi shiru don fushi. Ta sake ƙwanƙwasawa. Can na ce, “Ga tabarma,” ciki-ciki.

Ta ce wai an yi wata mata a wani gari a bakin hamada. Rijiyar garin ta ja baya, mutane suka yi ta tashi gida-gida, har ya rage ita kaɗai. Sun yi da ita ta bi su ta ƙi, domin akwai wani nata da ya bi ayari, kuma nan kaɗai ya sani, in ta tashi ya dawo ina zai neme ta? Ga shi babu matafiyi da ke biyowa balle ta yi cigiya. Sai ta ce a ranta, ai tsuntsaye babu inda ba sa zuwa. Guga ɗaya take samu a wuni, sai ta raba biyu. Da farko ta zuba a ƙwarya, iska ta kifar. Ta zuba a tulu, wata 'yar tsuntsuwa ta faɗa ta mutu, matar ta yi kuka ta binne ta. Daga nan ta koyi binne kasko da zuba tsakuwa, tsuntsayen hamada kuwa suka taru.

Da suka sha suka ƙoshi, kurciya ta ce, “Baiwar Allah, mun sha ruwanki. Me za mu yi miki?” Matar ta ce, “Cigiya nake.” Suka ce, “Ta wa?” Ta ce, “Ta wani.” Cilakowa ta ƙyalƙyale da dariya ta ce duniya ai cike take da wani, a faɗi sunansa. Matar ta buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ta ce, “Zan dai ba ku alamarsa. In zai yi dariya, ido ɗaya yake fara rufewa.” Suka tashi suka bazu. Bayan kwanaki suka dawo suka ce sun ga masu rufe ido ɗaya sun fi a ƙirga, ta ƙara musu wata. Ta ce ba ya cin tuwo da zafi, sai ya farfasa shi ya jira ya huce. Suka tafi suka dawo. Ta ce ƙaramin yatsan ƙafarsa ta dama ba shi da farce, taɓarya ce ta faɗa masa yana rarrafe.

A nan na katse ta. “Iya, irin na Babana! Shi ma ba shi da farce a nan!”

Ta tura itace cikin wuta ta ce, “Mutane da yawa haka suke.” Ni kuma sakarya na yarda.

Na ce, “To ita wace irin mata ce? Ta faɗi sunan mana a huta!”

“Bakinta ba zai iya ba.”

“Don me?”

“Haka aka yi ta. Kina so ki ji ko surutu za ki yi?”

Ta ci gaba. Wai duk tsuntsayen suna tafiya nema, ban da 'yar jar nan ƙarama. Ita ta ce fukafukanta ba sa kai ta nesa, abin da za ta iya kawai shi ne ta zauna kusa, don kada matar ta wuni ba ta ji motsin mai rai ba. Sai ta yi sheƙa a rufin ɗakinta. Shamuwa kuma, mai zuwa daga kudu gab da damina, duk shekara sai ta sauka ta ce ta duba ba ta dace ba, a ƙara mata alama ɗaya ta tafi da ita.

Iya ta tsaya a nan. Na jira ƙurunƙus ɗin da take rufe kowace tatsuniya da shi, wanda a ciki mai bayarwa yake amsa cewa ƙarya ya shirga. Ba ta faɗa ba. Na ce, “Ya dawo?” Ta ce, “Ba mu kai nan ba tukuna. Tashi, an kira salla.”

Shekara shida na yi a wurinta, kuma na ji tatsuniyar nan ba adadi. Ba ta yin ta in akwai wani yaro a wurin. Kowace shekara alamun suna ƙaruwa: yadda yake ɗaure tsinin rawani, tsoron da yake yi wa ƙadangare, waƙar da yake yi in yana wanki. Damina ta faɗi ta ɗauke, ta sake faɗuwa, Baba bai dawo ba, babu wasiƙa babu saƙo. Umma ta jira iya jiranta, aka raba auren, ta yi wani. Na daina fita ƙofar gida. Daga baya na tafi makarantar kwana, na zama malamar firamare a Gwarzo, na yi aure. A wani wuri cikin shekarun nan na gane ko wace ce matar bakin hamada, amma lokacin na girma, ni ma kunya ta kama bakina. In na je gaishe ta sai mu yi hirar tsadar gero da ciwon gwiwarta, in taho.

Shekarar da aka yi ta maganar Shari'a a ko'ina, wa'azi ya yi yawa a kan haƙƙin magada, sai tsoro ya kama Baffa Sani. Shi yake noma gonar kakanmu gaba ɗaya, har da rabon Baba. Ya zo ya same ni ya ce ba zai mutu da haƙƙin marayu a wuyansa ba, gara a raba a ba ni da ƙanina namu. Amma ba a raba gadon mai rai. Sai alƙali ya yanke cewa ɓataccen ya mutu, kuma ana bukatar mahaifiyarsa ta zo. Baffa ya kwana uku yana kewaye-kewaye kafin ya iya gaya mata. Ta ce, “In an ce in je, sai in je.”

Lokacin idonta ya kusa tafiya duka. Ni na riƙe hannunta muka shiga kotun a Gwarzo, ta zauna a ƙasa ta ƙi benci. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya gaishe ta, ya ce, “Iya, wanda ake magana a kansa ɗanki ne?” Ta sunkuyar da kai. Ya ce, “Mene ne sunansa?” Shiru. Baffa ya matsa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ɗan fari ne.” Alƙali ya gyaɗa kai, ya juyo gare ni. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, mahaifina ne.” Sai a lokacin na lura cewa ni ma tun da nake ban taɓa furta sunan ba, kuma Umma ma, da take matarsa, ba ta taɓa ba. Baffa ne ya faɗa, magatakarda ya rubuta.

Aka ji shaidu, aka lissafa shekarun. Sannan alƙali ya ce kafin ya yanke hukunci a kira mutumin sau uku, kamar yadda ake kiran duk wanda ake nema a gaban shari'a. Masinjan kotu, wani magidanci mai jar hula, ya je bakin ƙofa ya kira sunan Babana da na kakana a haɗe. Kira ne irin na wanda ya saba, ba ya jiran amsa. Ya kira na biyu. Sai na ji hannun Iya ya matse nawa. Ta ɗaga kai ta juya fuskarta wajen ƙofar da ba ta gani, ta ce, “Ɗan nan, ɗaga murya. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, tun baƙon dauron da ya yi.”

Masinjan ya dubi alƙali, alƙali ya yi masa alama da kai. Mutumin nan ya fita har tsakiyar fili, ya kafa hannu a baki ya ƙwala kira da iya ƙarfinsa, har masu sayar da rake a bakin titi suka waiwayo. Alƙali ya bari aka jira, jira mai tsawo. Babu wanda ya shigo.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a tausaya wa tsuntsu, a samu lada. Da na girma na ɗauka labarin haƙuri ne. Yanzu da na yi jikoki, abin da nake gani ya fi haka ciwo. Mu biyu muka kwana ɗaki ɗaya shekara shida muna jiran mutum ɗaya, ni ina kuka a fili ana rarrashina, ita ba ta da ko ikon tambayar matafiyi. Ta gaya mini iya yadda za ta iya faɗa, sau ɗari, ni kuma ban taɓa ce mata na ji ba. Shekara takwas na zauna da Babana ban san kunnensa ɗaya ba ya ji ba. Wadda na ce ba ta san sunansa ba ita ta sani.

A motar komawa ina zaune kusa da Iya. Ina ta share hawaye da bakin mayafi don kada ta ji. Muna gab da Kabo ta laluɓo gwiwata ta dafa.

“'Yar birni, an rubuta?”

“An rubuta, Iya.”

Ta daɗe tana juya goron da ke hannunta ba ta kai baki ba. Sannan ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “Sau biyu ke nan na ji an kira shi da ƙarfi haka. Ranar suna ina cikin ɗaki, sai kuma yau.”